Goran Toka da Irin Kuɓewa

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina satar kuɓewa a cikin gidana, ban kuma tuba ba sai da mai kuɓewar ta mutu.

Matata ke nan, uwar ɗiyana. Tana da wata 'yar garka a bayan ɗakinta, nan Gehuru, wadda in ka shimfiɗa tabarma huɗu ka rufe ta. Ta kewaye ta da kara da ƙaya. A ciki akwai zogale biyu, da yakuwa, da 'yan gindin barkono, sai kuɓewa layi uku. Kuɓewar ce ranta. Da irin ta zo gidana daga Gumbin Kure, ƙulle a bakin zane, tun tana amarya. Gajeruwa ce mai kauri, jikinta ja-ja, da ɗan gashi mai ƙaiƙayi. In aka yi miyarta sai ka ɗaga ludayi har kafaɗa yauƙin bai tsinke ba, in kuma aka shanya ta ba ta yin baƙi. Ba ta da wani suna. "Ta Inna" take ce mata, don a hannun mahaifiyarta ta samo, ita ma a hannun tata uwar.

Ni kuwa ɗanya nake son ta, in gutsira da gishiri kamar yaro. Kowace damina, da kuɓewa ta fara 'ya'ya, sai ta shiga garka da 'yan ƙyallaye ta ɗaura wa waɗansu, ta fito ta shaida mini cewa duk mai ƙyalle ta iri ce, haramun ce gare ni. To masu ƙyallen nan su ne ƙosassu, su ne a sama, su ne ido ke fara gani. Sai in jira ta tafi rijiya, in shiga, in kwance ƙyallen, in ɓalle abata, in mayar da ƙyallen jikin wata 'yar ramammiya da ke kusa. In laɓe bayan rumbu in cinye.

Ta dawo ta sauke tulu, ta leƙa garka, sai in ji ta:

"Malam, wa yash shiga garkata?"

"Akuya ce."

"Akuya mai kwance ƙulli ta sake ɗaurawa?"

"Akuyoyin zamani, babu abin da ba su iya ba."

"To Allah shi isam min da wagga akuya mai hula."

Haka muke yi duk shekara, ba ta gaji ba, ban gaji ba.

Ita fa mace ce da ba ta san yarwa ba. Ruwan da aka wanke hatsi na akuya ne. Buhun taki in ya ƙare, ta warware zarensa ta nannaɗe a tsinke don ɗinki, buhun kuma ta haɗa shi da wani ya zama shimfiɗar shanya. Alwala ma a gindin zogale take yi, wai kada ruwan ya tafi a banza. Ni manomin albasa ne, kuma lokacin cirewa nakan bi 'yan uwa zuwa Aliero. Kowa ya dawo gida da tsire ko ƙosai a takarda, ni in dawo da damin lawashin da mutane suka zubar, da albasar da ta fashe, don in na shigo hannu biyu ba zan sha ruwa da daɗi ba. Abokaina har suna suka sa mini, wai jakin gabu. Ita kuwa ta daka lawashin, ta dunƙula, ta shanya, ga gabu na shekara. Albasar ta yanke ruɓaɓɓen ta busar da mai kyau. Tumatir in ya yi araha ta tsattsaga ta baza a kan rumfa ya zama kauɗa. Ina yi mata dariya, ina cewa wata rana hayaƙin murhu ma sai ta tara a tulu. Amma in damina ta yi tsakiya, miyar maƙwabta ta koma kuka da gishiri, tamu tana ƙamshi har waje. Ni mai dariyar ni ne mai tanɗe kwano.

Ciwon ya fara mata bayan kaka. Tari ne da ramewa. Ɗiyarmu da ke aure a Jega ta kai ta asibiti sau biyu, aka ba da magani, aka ce a koma gida. Wata rana da hantsi tana kishingiɗe a ƙarƙashin rumfa, tana yi wa wandona na gona faci a gwiwa. Wandon nan in ka nemi asalin yadinsa sai ka yi bincike. Wannan karon wani tsohon zanenta shuɗi ta yaga ta ɗora. Allura ta shiga, ta huta, ta sake shiga. Tana ɗinki tana lissafa mini abubuwa kamar mai shirin tafiya kasuwa: gabu yana cikin gwangwani, kauɗa tana cikin tukunyar da ke ƙarƙashin gado, kada in bar daddawa a buɗe.

Sannan ta ce, "Irin kuɓewa na aje. In ruwa ya sauka ka shibka min, ko layi guda. Kada ta Inna ta ɓace a hannunmu."

Na ce, "Ki tashi ki shibka abinki. Ni manomin albasa ne, ban lalace da noman kayan miya ba."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ban tambaye ta inda ta ajiye ba. Na san ya kamata in tambaya, bakina ne ya ƙi. In na ce "ina yake?" kamar na yarda ke nan za ta tafi. Sai na ɓuya a bayan wasa, yadda na saba ɓuya a bayan rumbu.

Kwana goma sha wani abu bayan nan muka kai ta makwancinta.

Da aka share makoki aka raba abin da ta bari. Sauran tarkacen madafi kuma ɗiyata da ƙanwar marigayiyar suka rarraba wa mata sadaka. Aka bar mini tukunya biyu, da ludayi, da gwangwanin gabu, da ɗan garin busasshiyar kuɓewa a wata kwalba, sai wani tsohon gora da ke rataye a kusurwar madafi, an toshe bakinsa da totuwa. Na buɗe na leƙa, toka ce. Na mayar na rataye.

Na nemi irin. Allah ya sani na nema. Na zazzage gwangwanaye, na kwance duk wani ƙullin tsumma da na gani a ɗakin, na ɗaga katifa, na lalubi saman bango. Abin da nake nema shi ne busassun ƙwansuna, ko ƙulli irin wanda ta zo da shi tana amarya. Ban samu ba. Na kira ɗiyata a waya, ta ce ita ba ta ga wani iri ba. Sai na yanke hukunci a raina cewa matan sadaka ne suka haɗa da shi, na yi kwana uku ina harararsu a hanya, bayin Allah.

Maƙwabta suna aiko mini da tuwo, Allah ya saka musu. Amma miyarsu ɗan dunƙulen kanti ne kawai ke magana a cikinta. Ina ci ina jin kamar a gidan wani nake. Da bazara ta shigo, zafi ya fara, sai kwaɗayin miyarta ya taso mini, irin wanda ba ya barin mutum ya zauna. Na ce ai ga garin kuɓewarta, ga gabunta, ga daddawarta. Me ya rage? Hannu kawai. Na rufe ƙofar gida da sakata don kada wani ya shigo ya ga dattijo da ludayi.

Na tuna ba ta sa kanwa a miyar kuɓewa, ruwan toka take sawa. Na sha ganinta tana zuba toka a wani gwangwani mai huji a gindi, ta shimfiɗa tsumma a ciki, ta zuba ruwa, ya riƙa ɗiga a kwano. Wannan kam ko ni na iya. Na sauko da goran nan, na juye shi kaf a gwangwani. Na ji waɗansu 'yan ƙulalai a cikin tokar, kamar tsakuwa. Idona ba ya gani sosai yanzu, kuma duk sun yi fari da toka. Har na yi murmushi, na ce da ƙarfi, ni kaɗai a madafi, kamar matata tana ji na, "Yau dai na kama ki, tokar da ba a tankaɗe ba." Na kwarara ruwa. Ya ɗiga, na ƙara. Na bar shi ya wuni, washegari na sake ƙarawa, wai don ya yi ƙarfi.

Miyar ba ta ciwu ba. Ɗaci, da warin hayaƙi, ga ta tsararo kamar ruwan wanki. Na ba akuya ta sunsuna ta juya mini baya. Jiƙaƙƙiyar tokar kuwa na kife ta a gindin randa, inda ruwa ke zuba in ana ɗiba, na manta da ita.

Kwana biyar ko shida bayan nan na zo ɗibar ruwan alwalar azahar. Ina duƙawa sai na ga kore a gindin randa. 'Yan tsirrai ne, kowanne da ganye biyu zagayayyu. Na ƙirga, bakwai. Duk jahilcina na san tsiron kuɓewa.

Na ajiye buta. Na durƙusa na sa yatsa na tona tokar. Ga su nan birjik, 'yan ƙulalan da na ce tsakuwa ce. Sun kumbura, sun yi laushi, da na matsa ɗaya sai ta fashe da wari. Irin da zai cika tafin hannu biyu, duk na jiƙa shi, na dafa shi da ruwan toka, na zubar. Bakwai ne kawai suka yi taurin kan tsira. Kuma ga shi ruwan sama da sauran wata biyu, in ma ya zo da wuri.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Na dai san sai da aka kira la'asar na tuna ban yi azahar ba.

Da yake wauta ba ta zuwa mini ita kaɗai, washegari na ce gindin randa ba wurin shuka ba ne. Mu manoman albasa dashe muka sani. Na ciro huɗu na kai garka na dasa, na ba su ruwa kamar albasa. Kafin kwana biyu sun kwanta, sun bushe kamar zare. Saura uku.

A nan ne tsoro ya kama ni sosai. Na kife tsohon kwando a kan ukun, na ɗora dutse, na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Jega, na shiga motar Maiyama, na sake hawa wani kabu-kabun har Gumbin Kure. Wurin ƙanwar matata na nufa. Ita ma ta tsufa, haƙoranta na gaba sun tafi, amma bakin yana nan. Tun tana yarinya muke wasan miji da mata da ita, ba ta taɓa raga mini ba. Na same ta a tsakar gida tana tsinke zogale.

"Lale da mijina! Yau kuma garkar wa kaz zo yi wa ɓarna?"

"Ke dai bari. Iri niz zo nema."

"Irin mi?"

"Ta Inna."

Ta daina tsinkar. "Ta Inna ai gare ku take. Tawa ta ɓace tun shekarar da ruwa yac ci bayan gida. Kullum ina cewa in na tahi wurin Yaya in ɗebo, Allah bai nuhwa ba."

"Duk garin ga babu mai ita?"

"Wa? Yanzu kowa ta takarda yake saye, doguwar nan mai saurin 'ya'ya, wadda ba ta da yauƙi. Tsohin da sunka riƙe ta Inna duk sun tahi. Ba goran iri na nan rataye a madahinku ba?"

Sai na gaya mata. Ban rage komai ba, har da akuyar da ta ƙi miya. Ta kalle ni baki buɗe. Sannan ta fashe da dariya, ta riƙe ciki, tana buga ƙafa a ƙasa. Tana cikin dariyar ne na ga ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, kuma sautin ya canja. Na zauna a kan turmi ina kallon ƙasa.

Da ta natsu ta share ido ta ce, "Kai, kai, kai. Shekara arba'in kana cin miya, ba ka san inda iri ke kwana ba? Cikin toka ake aje shi, don ƙwari. Goran tokar miya daban yake, ni niɗ ɗauko shi, ga ya can. Wancan da gangan nib bar maka. Na ɗauka ka sani."

"Ban sani ba."

"Mi ka sani, ban da satar masu ƙyalle?"

Na ce, "Wannan ma ina neman gafara. Na rage mata iri duk shekara."

Ta dube ni kamar mai duban maraƙi. "Wane iri kar rage? Ai masu ƙyallen naka ne. Yaya ta gaya min tun kuna da ɗiya guda. Tac ce in ba ta ɗaura ba, sai ka bi garka duka kana tsinka. In ta ɗaura kuwa, sai ka tsaya ga masu ƙyalle, kai ga ɓarawo mai wayo. Na iri suna can ƙasa, 'ya'yan hwari, ƙarƙashin ganye, inda mai ƙyuyar duƙawa ba shi gani."

Tun da muke da ita ban taɓa barin ta da magana ta ƙarshe ba sai ranar. Ta kawo mini fura, na sha kaɗan don kada ta ji haushi. Da zan tafi ta raka ni har bakin zaure tana ba ni umarni: kada in sake dasawa, kuɓewa ba ta son a taɓa mata saiwa, in yi musu inuwa da rana, kada in sa taki da wannan zafi, ruwa kaɗan-kaɗan, safe da maraice.

"In sun yi, ka kawo min ko ƙwara uku," ta ce. "In kuma ka kashe su, kada ka sake zuwa gidan ga, na sake ka."

Na dawo na ɗauke randa na canja mata wuri, na bar wa tsirrai nasu. Na kakkafa kara na kewaye su, na jingina guntun zana ta gabas, in rana ta juya in mayar da shi yamma. Rijiyarmu ta ja baya, guga sai ya daɗe yana lalube kafin ya kawo rabin laka. Sai na koma yin alwala a gindinsu, sau biyar, kamar yadda take yi wa zogale ina mata dariya. Na daina zuwa majalisa. Da abokaina suka ji dalili sai suka canja mini suna, daga jakin gabu na koma maigadin kuɓewa. Wani ya ce in an yi 'ya'ya a gayyace su raɗin suna.

Ɗiyata ta zo wata ranar kasuwa da kwanon abinci. Ta ga yadda na koma, ta ga ɗakin uwarta a rufe, ta zauna. Sannan ta ce, "Baba, ka taho Jega ka zauna da mu. Ga ɗaki nan an gyara."

"Ina da marasa lahiya, ba ni iya barin su."

Na nuna mata. Ta leƙa cikin karan, ta ɗago.

"Baba, don wanga? Gobe in aiko maka da kwando guda daga kasuwa."

"Ta uwarki ce. Ta kakarki ce."

"Na sani, Baba." Idonta ya kawo ruwa. "Amma ko ka ba ni, ina zan shibka ta? Gidan haya ne, ko'ina siminti."

Ban ga laifinta ba. Ta share mini tsakar gida, ta wanke tukwane, ta tafi kafin motoci su ƙare.

Ɗaya kaza ce ta kashe shi. Ta sami kafa a ƙarƙashin kara ta shiga neman sanyi, ta tone shi da saiwarsa. Na bi ta da takalmi har waje, ni da gemuna, mata suna leƙe. Na biyun ni ne. An yi rasuwa a wani ƙauye kusa da mu, na tafi jana'iza da safe, na manta ban juya zana ba, ban dawo ba sai bayan la'asar. Na tarar rana ta dafa shi, ganyen ya yi laƙwas. Na yi ta ba shi ruwa kwana uku, bai tashi ba.

Saura ɗaya. Ba shi da wani kyan gani. Tsawonsa bai wuce gwiwata ba, ganyensa rawaya-rawaya, kamar yaron da aka yaye da wuri. Kullum da safe kafin in leƙa sai na tsaya na yi bisimilla, don ban san abin da zan tarar ba. Haka muka yi ta lallaɓawa, ni da shi, har ruwan farko ya sauka. Ya ɗan murmure, ya yi sabon ganye. Wata safiya na ga fure, ruwan ƙwai, da ja mai duhu a cikinsa. Bayan kwana kaɗan wani ya biyo. Suka zube, suka bar 'ya'ya biyu: ɗaya a ƙasa, ganye ya rufe ta, ɗaya a sama, a fili. Gajeru, masu kauri, ja-ja. Ita ce. Ta Inna ce.

Mai hankali zai bar su duka biyun su bushe. Wannan ko ba a gaya mini ba na sani.

Amma na yi kwana biyu ina kallon ta saman nan, sai na ga kamar tsirara take. Na shiga ɗaki neman ƙyalle. Kayan matata duk an raba, ko ɗankwali ba a bari ba. Sai na tuna wandon gona. Na ɗauko shi, na sa reza na farke gefen facin da ta yi mini na ƙarshe, na yanko siririn ƙyalle shuɗi. Ɗinkin ya yi wuyar farkewa. Ko da ciwo, ba ta yi shi da wasa ba. Na je na ɗaura wa ta saman. Na ce wa kaina alama ce kawai, don in san ta iri ce.

Washegari da hantsi na fito, gari shiru, kowa ya tafi gona. Na tsaya a kanta. Ga ƙyalle shuɗi yana motsi. Hannuna ne ya kwance shi, hannuna ne ya ɓalle ta. Ban ma nemi gishiri ba. Na zagaya bayan rumbu, inda na saba, na gutsira. Ƙaiƙayin nan a leɓe, yauƙin nan, ɗan zaƙin nan. Na cinye har gindi. Sannan na tsaya ina saurare. Wallahi saurare nake yi, ina jiran a sauke tulu, a leƙa garka, a tambayi wanda ya shiga. Har amsata na shirya.

Babu wanda ya tambaya. Akuyar ma tana can tana tuƙa abinta. Na zauna a ƙasa, na jingina da rumbu, ƙyallen yana hannuna. Ranar da aka binne ta ban yi kuka ba, mutane har suna yaba haƙurina. A bayan rumbu na yi shi, da yauƙin kuɓewa a gemu.

Na ce ba komai, ai zai sake yin wasu furannin. Bai samu ya yi ba. Mako biyu bayan nan hadari ya taso da la'asar, da iska mai ƙarfi a gabansa. Zanan da na jingina don inuwa, wanda na yi ƙyuyar ɗaukewa tun da ruwa ya sauka, shi ya faɗo a kansa ya karya shi daga tsakiya. Ta ƙasan tana nan maƙale, ta yi tauri amma ba ta gama ƙosawa ba. Na ɗaure karan da tsinke, na bar ta a jiki har ganyen ya bushe duka, sannan na cire ta na rataye a inuwa.

Da ta bushe na fasa ta a kan faranti. Ƙwayoyin yawanci fanko ne, farare, da ka matsa sai su murƙushe. Masu ɗan nauyi da duhu guda tara na samu. Da na bar ta saman, wataƙila da iskar ta same ta ita ma ta yi tauri, da yanzu ina da ninkin haka. Wataƙila kuma a'a. Na juya wannan lissafi a kaina har ya gaji da ni.

Damina ba ta ƙare ba a lokacin, da na so da na shuka su. Na kasa. Na riƙe su a tafin hannu na je har bakin garka na dawo. In na binne su ba su fito ba, shi ke nan, babu sauran abin jira. Uku na ƙulle na kai Gumbin Kure da kaina. Ƙanwar matata ta juya su a hannu, ta ɗaga ɗaya ta duba a haske, ta ce, "Ba su ƙosa ba sosai." Ba ta yi mini tsiya ba ranar, ko kalma guda. Na fi son a ce ta yi.

Shidan da suka rage na tankaɗe tokar murhu mai laushi, na zuba a goran nan, na sa su a ciki, na toshe da totuwa, na ɗaura masa ƙyallen shuɗi a wuya, na mayar da shi kusurwar da yake. Yanzu gabu ya ƙare, kauɗa ta ƙare, kwalbar garin kuɓewa na wanke ta. Abin da ya rage na hannunta a gidan nan ke nan, ƙwara shida, waɗanda ban san ko suna da rai ba. In Allah ya kai ni ruwan bana zan shuka, ko layi guda ba za su cika ba.

Gwiwoyina sun fara ƙi, kuma tarin safe ya zame mini aboki. Na san yadda ake yi in mutum ya tafi: mata su shigo, a share, a raba, abin da ba a gane ba a zubar. Don haka shekaranjiya na sauko da goran, na ɗauki gawayi. Aji biyu na yi a makaranta kafin in gudu, baƙaƙena kamar sawun kaza suke, sai da na goge sau uku. Na rubuta a jikinsa da manya, yadda ko mai ido irin nawa zai gani: BA TA MIYA BA CE. IRI NE.